Fata Ɗaya Kan Kowane Hayaki

A gaɓar Babban Kogi, daidai inda duwatsu ke hana jirgi wucewa, ƙananan dabbobi suka kafa ƙauyukansu, su kurege da zomo da tunku. Sana'arsu tura jiragen kyarketan arewa a kan gungume har su wuce duwatsun, a sallame su da gishiri. Ba a taɓa raba gishirin nan ba a fasa kan wani ba.

Ran nan Dila, mai jagorantar taro, ya miƙe a gindin tsamiya. "Jama'a, ƙasarmu na da albarka, mai tsawatarwa ne babu. Mu kira baƙin nan, kyarketai, su riƙe mu. Ba su da dangi a cikinmu balle su yi son kai."

Aka yi na'am, don kowa ya fi tsoron maƙwabcinsa a kan baƙo.

Jan-Wuya, babban kyarkeci, ya zo da fara'arsa. "Ni ɗan kasuwa ne, sarauta ba ta dame ni ba. A kudu ana son fata mai laushi. Fata ɗaya kan kowane hayaki duk shekara, shi ke nan."

Ladingo, wata kurege mai 'ya'ya uku, ta tambaya, "Ranka ya daɗe, fatar wa?"

"Ta ƙauyukan gangare mana," in ji Dila. "Zauna."

Haka aka riƙa yi, har ranar da na gangaren su ma suka yi mubaya'a. Jan-Wuya kuwa adali ne, ba ya barin talakawansa su farauci juna. Sai dai jirgi ba ya tafiya kudu fayau, sai kowane hayaki ya koma ba da fatar ɗan gida.

Tsoro ya cika ƙauyuka. Ladingo ta daina barci, ko ganye ya motsa sai ta rungume 'ya'yanta. Ita ce ta miƙe a taro na gaba. "'Yan'uwa, hayaki yake ƙirgawa. Kowa ya kashe wutarsa, ku taso ku zo wajena mu yi murhu ɗaya."

Aka taso kuwa, bukka na gogar bukka. Abin da gishiri ya kasa haɗawa, tsoro ya haɗa.

Da lokacin karɓa ya yi, Jan-Wuya ya sauko daga jirgi, ya daɗe yana kallon hayaki guda tak.

"Madalla," ya ce. "Da ƙauye-ƙauye nake bi, yau ga shi kun gina mini birni. Gobe za ku fara ganuwa, ƙofa ɗaya ta isa. Ni kuma ba na saɓa alkawari, fata ɗaya zan karɓa. Murhun wa ne wannan?"

Dabbobin da suka sha ɗumin wutar suka ja baya a hankali, kowa ido a ƙasa, har fili ya buɗe.

"Na Ladingo ne, ranka ya daɗe," in ji Dila.

Ta dubi 'ya'yanta uku. Ta tura su bayan wata zomanya, ta nufi jirgin da ƙafarta.