Ranar da Gilashin Yallaɓai Ya Ƙi Sauka

Duk ma'aikatarmu babu mai tsari irin Shugaban Sashen Fayil. Allah ya yi masa baiwar sanin matsayin kowa, ya kuma hore masa ma'auni: gilashin motarsa mai duhu. In masinja ya gaishe shi a bakin get, gilashin ba ya motsi. In akawu ne, ya sauka yatsa biyu, gaisuwa ta shiga ta nan, "yawwa" ta fito ta nan. Sai Darakta kaɗai ake sauke wa shi har ƙasa, a haɗa da haƙora talatin da biyu. Mu da ba mu taɓa wuce matakin akawu ba muka sa masa suna Yallaɓai Yatsa-Biyu.

Shekara tara yana jiran kujerar Mataimakin Darakta. Ya auna labulen ofishin, ya zaɓi bangon da zai rataye hotonsa. Yanzu ga kujerar babu kowa, ga sabuwar Darakta za ta kama aiki ranar Litinin, ita ce kuma za ta zaɓa. Sai ranar Alhamis gilashin ya fara gardama: a danna sau uku, ya amsa sau ɗaya.

Ya kai motar wurin rewaya, wato mai gyaran wutar mota. Mutumin ya kara kunne a jikin ƙofa, ya danna maɓalli, ya ce injin ɗaga gilashin shiru yake, ko gurnani babu, don haka wuta ce ba ta isa gare shi. Ko fis ne ya ƙone, ko maɓallin, ko waya ta tsinke a cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. A bar masa ita zuwa yamma ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Yallaɓai ya dube shi sama da ƙasa.

"Malam, ni fayil dubu goma sha biyu ke ƙarƙashina, ko ɗaya bai taɓa ɓata ba tare da izinina ba. Waya guda nawa ce a cikin ƙofa? Abin da kake yi da kunne, ni da ilimi nake yin sa."

Ranar hutu aka shimfiɗa tabarma a gindin mota. Maiɗakinsa ta riƙe faranti don tara sukurori, shi kuma ya riƙe sukundireba kamar zai sa hannu a takardar kora. Ya fara da akwatin fis. Ya zare su duka, ya ɗaga kowanne sama ya harare shi, ya mayar da su bisa tsarin launi, domin a ganinsa kamfanin da ya ƙera motar bai iya jera kaya ba. Hon ɗin motar ya mutu nan take. Yallaɓai ya ce dama hon na marasa haƙuri ne.

Daga nan ya ɓalle marfin cikin ƙofa. Wata siririyar igiyar ƙarfe ta saki wurinta ta yi lilo. Matar ta tambaya ko ba ita ce ke buɗe ƙofa ba.

"Ke dai riƙe faranti. Wannan ado ce. Masu ƙera mota suna cusa irinta don su tsorata jahilai."

Ya jijjiga wayoyi, ya hura wa maɓalli iska, ya naushi ƙofa sau biyu. Gilashi ya sauka, ya hau. Yallaɓai ya sa aka kira maƙwabci ya shaida. Ya mayar da marfi daga waje, ya tura ƙofa, ya karkaɗe hannu. Sukurori huɗu suka rage a faranti, ya bayyana su a matsayin rarar ma'aikata.

Litinin da safe ya sa kwat ɗin da ya tanada tun bara. Bai san cewa sabuwar Darakta ta riga kowa zuwa ba. Tana tsaye a bakin get kusa da maigadi, 'yar ƙaramar mace da jaka a kafaɗa, tana gaisawa da ma'aikata ɗaya ɗaya. Mu wajen arba'in muna gefe muna kallo.

Motar Yallaɓai ta iso ta tsaya daidai gabanta. Ya shirya haƙora, ya danna maɓalli. Shiru. Ya sake dannawa da babban yatsa, ya danna na sauran tagogin, ko ɗaya bai motsa ba. Ya ja hannun ƙofa, hannun ya taho sakwaf, domin adon nan da aka bari yana lilo shi ne ke buɗe ta. Ya danna hon. Hon na marasa haƙuri ne.

Daga baya ya rantse mana cewa a cikin motar ya rusuna har goshinsa ya bugi sitiyari, ya ce "ranki ya daɗe" ya fi sau goma. Mai yiwuwa ne. Mu dai baƙin gilashi muka gani, da fuskar Darakta a jikinsa tana jira.

Ta ƙwanƙwasa a hankali. Ta sake ƙwanƙwasawa. Sannan ta juya ta tambayi maigadi ko lafiya.

Maigadi mutum ne mai gaskiya, bai kuma yi nufin sharri ba. Ya ce, "Lafiya lau, ranki ya daɗe. Haka yake yi. Bai dai gane ke ce ba."

Ta dube mu. Wallahi babu wanda ya musa, wasu ma kai suka gyaɗa. Ta gyara jakarta ta shige ciki. Kafin Yallaɓai ya tsallake giyar mota da tumbinsa, ya fito ta ƙofar fasinja da rarrafe, wando ya yage, takalmi ɗaya a hannu, Darakta ta kai hawa na biyu.

Rewaya ya gyara komai kafin azahar. Waya ce ta tsinke a cikin roba. Yallaɓai ya karɓi guntuwar wayar, ya sa ta a ambulan, ya buɗe mata fayil, ya yi kwana uku yana bin ofis ofis yana nuna hujja. Na ji tausayinsa, ban ɓoye ba, amma dariya ta fi ƙarfina.

Ranar Juma'a aka liƙa sunan sabon Mataimaki a allo, ba nasa ba ne. Ya nemi ganin Darakta, ya ajiye mata ambulan a tebur, ya yi jawabin minti ashirin a kan makircin wayoyi. Sakatariya ce ta ba mu labarin yadda aka ƙare. Darakta ta saurare shi har ya gama, ta juya guntuwar wayar a hannunta, ta miƙa masa abarsa.

"Na yarda gilashinka ya lalace, Malam. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutum arba'in ne a bakin get ɗin nan, babu ko ɗaya da ya yi zaton lalacewa ce."