Cindon Barira

Wata yarinya ce a unguwarmu, Barira, wadda bakinta ya fi jikinta girma. In ta ga kyanwa, kafin ta iso gida ta zama zaki. Ta je Kano wajen gwaggonta ta yi 'yan watanni, ta dawo da baƙin gilashi da wata tafiya kamar tana taka ƙwai.

"Daga yau a daina ce min Barira kai tsaye," in ji ta. "Jaruma za a ce. Na shiga fim."

Wai a shirin nan mai dogon zango da ake nunawa a talabijin, ita ce ƙanwar babbar jarumar. Wai darakta da kansa ya ce tunda yake bai taɓa ganin fuskar da kyamara ke so irin tata ba.

Shi ke nan, aikin gida ya haramta. Kakarta, Iya Kande, ta miƙa mata taɓarya, sai Barira ta ce, "Haba Iya, hannun da duniya za ta gani? In ya yi kanta fa?" 'Yan matan unguwa kuwa suka zama bayinta. Wannan ta yi mata wanki, waccan ta yi mata fifita, duk don ta kai su Kano. Ni abin har haushi yake ba ni, amma wa zai ja da jaruma?

Abin da ya ba ta ƙarfin gwiwa shi ne tiransifomarmu ta ƙone tun bara. Babu wuta, babu talabijin, babu mai ƙaryata ta. Sai dai rana dubu ta ɓarawo, ɗaya ta mai kaya. Sallau mai cajin waya, wanda son ta ya hana shi sukuni, ya zo da fara'arsa.

"Jaruma, albishirinki! Na ji ran Lahadi bayan la'asar za a maimaita shirinku. Zan kawo janareto har tsakar gidanku."

Barira ta yi wuf ta tare shi. "Kai Sallau, da tsadar man nan? Kar ka wahalar da kanka."

"Don ke ko jirgi ne zan cika masa tanki."

"Ai mu 'yan fim ba ma kallon kanmu. Camfi ne."

"To ki rufe ido, mu ma gaya miki."

Ran Lahadi gida ya cika maƙil, har kan katanga. Janareto ya ɗauka, ƙrrr! Aka ɗora Barira a kujera a gaba, Iya Kande a gefenta. Barira ta ce kanta na ciwo, aka kawo magani. Ta ce za ta zagaya, 'yan mata suka raka ta har bakin ƙofa suka dawo da ita.

Shiri ya fara. Mace ta fito, a ce, "Ga ta nan!" Ba ita ba. Wata ta fito da tire, ba ita ba. Har akuya ta gifta a bayan babbar jarumar, amma ba a ga Barira ba.

"Ku jira mana," ta ce, gumi na tsatstsafo mata. "Manya a ƙarshe suke fitowa."

Can sai aka nuna ɗaki, mata na kuka. Ga gawa a kan tabarma, an lulluɓe ta da zane tun daga kai. Wai mai aikin gidan ce ta rasu. Kyamara ta bi gawar a hankali har ƙasa, inda zanen ya gaza. Sai ga ƙafa ta leƙo. Ƙafar hagu, mai yatsu shida.

To, duk unguwar nan mutum ɗaya ce mai cindo a ƙafa. Idanu suka bar talabijin suka sauka ƙasa. Barira ta ja ƙafarta cikin zane, wuf!

Iya Kande ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Jikata! Yaushe ta mutu ba a gaya min ba?"

"Iya, ga ni fa a gefenki," in ji Barira, murya kamar ta sauro.

Kafin a rufe baki, ƙuda ya sauka a kan ƙafar gawar. Cindo ya motsa. Ƙuda ya tashi ya dawo, cindo ya sake yin fit-fit. Gida ya kece da dariya, wani yaro har ya faɗo daga katanga. Sallau kuwa ya zauna ya riƙe kai, yana kallon janaretonsa na shan mai.

Iya Kande ta share hawayenta. Ta dubi talabijin, ta dubi Barira. Sannan ta miƙe, ta ɗauko taɓarya ta ɗora mata a cinya.

"Tashi ki daka mana gero, jaruma. Ke da ko mutuwar ma ba ki iya ba."