Rasuwar Mai Jinkiri, Kyamarar Mahfuzu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ya kasa haɗiyewa, Mahfuzu mai hoto na bayan babbar kasuwar Garwa yana sanar da rasuwar tsohuwar kyamararsa, wadda aka fi sani da Mai Jinkiri. Ta cika ranar Talata a hannun Parfait mai gyara, tana da shekara goma sha shida a bakin aiki.

Marigayiyar ba ta da gaggawa. In an danna ta, sai ta yi ta gurnani, zuuu, zuuu, tana neman fuska, har mutum ya ƙirga bakwai kafin a ji ƙyas. Mahfuzu, wanda ba wanda ya koya masa sana'ar, ya sha jin kunyar wannan hali. Yakan cike shirun da ban haƙuri, da Fulatanci ko Faransanci, yana tambayar lafiyar shanu ko labarin ruwan tafkin Mbakaou. Kafin ta gama shawara, wanda ya zo da ƙirji a banƙare ya gaji, kafaɗa ta sauka, dariya ta suɓuce. A nan ne take kama shi. Dillalan shanu da masuntan Tibati suka yi ta cewa Mahfuzu yana da ido, shi kuma yana karɓar yabon ba musu.

Bara ya sayo sabuwa, mai saurin walƙiya, wadda ke ƙirga gashin gemu ɗaya-ɗaya. Ya tura marigayiyar cikin akwati, damina guda bai leƙa ta ba. Sai Alhaji Sulaimanu mahauci ya dawo masa da hoto, ya ajiye a tebur.

"Mahfuzu, wannan ai na katin ɗan ƙasa ne. Hular tawa ce, gemun nawa ne, to ni ina nake? Jikokina na Mayo-Oulo zan aika wa, ba jandarma ba."

Bayansa mutum huɗu suka faɗi irin haka. Da Mahfuzu ya buɗe akwatin, ya tarar laima ta ci idonta, ya yi fari fat. Parfait ya duba, ya girgiza kai.

Ta bar igiyar wuya, da jaka mai tsagaggen baki, da hotuna a bangayen gidaje har Kaélé. Ta kuma bar maigidanta da tambayar da ta hana shi cin tuwo: haƙurin nan da ya fito da fuskokin mutane, nasa ne ko nata? In nata ne, shekara goma sha shida yana cin yabon da ba nasa ba, kuma ya saka mata da akwati.

Za a naɗe ta cikin farin ƙyalle ranar Asabar bayan la'asar, a ɗora ta a kan kantar shago, inda iska ke shiga. Za a karɓi gaisuwa a shago. Duk wanda ya zo zai zauna a benci gaban sabuwar, Alhaji Sulaimanu a farko, Mahfuzu kuma zai ƙirga bakwai da kansa kafin ya danna. In fuskokin sun fito, allon ƙofa zai ci gaba da ɗaukar sunansa. In ba su fito ba, ana roƙon masu gaisuwa kada su watse, su taya shi sauke allon. An yanko ƙyallen da faɗi, zai ishe su su biyu, ita da allon.