Ranar da Na Kori Arɗo Daga Zaure

Ba zan taɓa mantawa da ƙamshin shinkafar da Inna ke turarawa a tsakar gida ranar nan ba. Har yau in na bi ta Tudun Wada da kaka, ƙamshin ya bugi hancina, sai in ji kamar wadda aka aiko wa sammaci.

Lokacin ban daɗe da gama makaranta ba, ina zaune a ƙauyenmu da ke hanyar Doguwa, ina jiran aiki, ina ta rubuta waƙoƙin da ba mai karantawa. Akwai wani zaure na waya, wato guruf ɗin tura saƙonni, da dattawa suka sa aka buɗe, manoma da makiyaya duk a ciki. A nan ake sanar da gonar da aka gama girbewa, da wadda ba a so shanu su kusanta tukuna, da saniyar da ta ɓata. Kafin a buɗe shi, da wuya kaka ta wuce ba a fasa kan wani ba. Da yake ni ce 'yar boko, sai aka haɗa ni da ɗan wan babana, Yaya Habibu, aka ce mu ne admin.

Ni da Yaya Habibu ba mu taɓa shan inuwa ɗaya ba a kan aikin nan. Shi da mutum ya yi baƙar magana, ya cire shi, sai an je har gida an ba shi haƙuri.

"Zaure garke ne," in ji shi, "sai da sanda."

"Ai ko saniya, Yaya, da kanwa ake jawo ta."

"To Malama mai kanwa, Allah Ya ba da sa'a."

Sai na ƙirƙiro abin da na kira Gwarzon Mako. Duk Juma'a in zaɓi wanda ya yi halin kirki, wanda ya mayar da akuyar da ya tsinta ko ya ba da haƙuri ba a roƙe shi ba, in yi masa baiti biyu na yabo. Abin ya karɓu. Har Malam Idi mai wake, wanda bakinsa ya fi barkono, ya fara buɗe saƙonsa da sallama. (Ni kuwa kaina ya kumbura. Na fara ganin kaina a wani babban taro a Kano, ina koya wa duniya yadda ake mulki ba tare da sanda ba.)

Ana cikin haka shanu suka shiga waken Malam Idi. Zaure ya ɗauki zafi, saƙon murya na bin saƙon murya, kowa na tuno tsohon ciwo. Washegari kuma dattawan ɓangarorin biyu za su zauna su tsayar da ranar sakin shanu cikin karan gonaki. Sai na ce bari in zuba ruwan sanyi. Na zauna kusa da murhun Inna na rubuta waƙa a kan fura da nono: gero na manomi, nono na makiyayi, ƙwarya ɗaya ce ta haɗa su. Na tura, na zauna jiran yabo.

Can sai ga saƙo daga wata lamba da ban sani ba, ba hoto, ba suna. Kalma biyu ce kacal:

"A wawi."

Na karanta, na sake karantawa. Wawiya ke nan, an gutsure mata wutsiya. Ni? A gaban mutanen gari duka, a kan waƙar da na zuba zuciyata a ciki? Ban nemi kanwa ba, ban tuna da Gwarzon Mako ba. Yatsana ya riga hankalina. Na cire lambar, sannan na rubuta: "An cire mai wannan lamba. Wanda iyayensa ba su koya masa ladabi ba, zaure ba zai koya masa ba."

Na ajiye wayar ina huci. Da na sake ɗauka sai na ga wasu 'yan ƙananan rubutu suna jeruwa: wane ya fita, wane ya fita, wane ya fita. Duk makiyaya. Fita kawai suke yi, kamar shanu na barin mashaya.

Sai kiran Yaya Habibu ya shigo. Muryarsa a sanyaye, abin da ban taɓa ji ba.

"Kin san wa kika cire?"

"Wani mara kunya ne, Yaya."

"Arɗo Buba ne. Ya sake layi."

Arɗo Buba shi ne shugaban duk rugagen da ke bayan dutsenmu, kuma shi ne ke riƙe samarinsu in rai ya ɓaci. In bai zo zaman gobe ba, ba ranar da za a tsayar, shanu za su fito ko an gama girbi ko ba a gama ba. Iyayen wannan mutumin na zaga, a rubuce.

Baba ya shigo bai ko kakkaɓe ƙurar gona ba. Shi da ke ce mini Uwata, ranar cewa ya yi, "Ke, ɗauko mayafinki." Na hau bayan babur ɗinsa. Ni kuwa ina ta karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Ina hango gonakin dawa da ba a yanke ba, ina ganin kamar tuni an tattake su, kuma kowa zai ce 'yar gidan wane ce ta jawo. (Duk da haka, in faɗi gaskiya, can ƙasan raina ina cewa ai shi ya fara zagina.)

Mun tarar da Arɗo a gindin wata ɗorawa, maza zagaye da shi, kowa da sandarsa a kafaɗa. Baba ya yi gaisuwa mai tsawo, aka amsa a gajarce. Na durƙusa can gefe.

"Wannan ce mai waƙar?" in ji Arɗo.

"Ita ce, ranka ya daɗe."

"Yarinya, an ce kin yi mini rubutu. Idona ba ya ganin ƙanana. Karanta mini."

Na ɗago na dubi Baba. Ya kawar da kai. Haka na buɗe waya na karanta, da bakina, a gaban dattijon da ya yi jika da ni, cewa iyayensa ba su koya masa ladabi ba. Wani saurayi ya gyara riƙon sandarsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"To," in ji Arɗo. "Ni kuma me na rubuta?"

"A wawi."

"Me ke nan?"

Na ce, "Wawiya."

Sai wata dariya ta tashi daga bayan bukka. Matarsa ce, Goggo Hurera, tana riƙe da ludayi, tana share hawaye da gefen zane.

"Kayya, 'yar Haɓe," ta ce. "A waawi. Da Fulatanci, kin iya ke nan. Yaba miki ya yi."

Ni da na shekara ina raba wa mutane yabo, ranar da aka miƙo mini nawa sai na kori mai shi. Na kifa fuskata a tafin hannu na fashe da kuka, irin mai majina.

Arɗo ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya juya ga Baba.

"Malam, 'yarka ta iya waƙa. Ta kuma iya zagi." Ya ɗan yi murmushi. "A waawi."

Maza suka kwashe da dariya, har da mai gyara sanda. Arɗo ya ce maraƙin da ya yi harbi ba a yanka shi, amma dole ya san ƙafar wa ya taka. Ya sa na mayar da shi zaure a nan take, na kuma yi saƙon murya na faɗi abin da na yi ba tare da na rage komai ba. Bayan nan ya sa na rera waƙar furar, shanu na kallona. Goggo Hurera ta cika mini ƙwarya da kindirmo. Kafin mu iso gida makiyaya sun fara turo wa Yaya Habibu saƙo a mayar da su, washegari kuma aka yi zama aka tsayar da rana.

Yaya Habibu bai bar ni na huta ba. "Duk cire-ciren da nake yi ban taɓa kaiwa ga Arɗo ba. Malama mai kanwa kuwa, bugu ɗaya ta kayar da bijimi."

Abin da na koya shi ne, haƙurina yana da yawa matuƙar wani aka zaga. Yanzu kafin in cire mutum sai na kira shi na ji muryarsa, in tambaye shi abin da yake nufi, da kuma yaren da yake nufinsa da shi.

Sai bayan shekaru, a wurin bikin Dije, 'yar Arɗo, na ji sauran labarin. Ita ce ta yi ta koya masa baƙaƙen boko duk daminar waccan shekarar, a ɓoye, don yana jin kunyar a gan shi yana koyo. Kalmomin nan biyu su ne abu na farko da ya taɓa rubutawa da hannunsa, ya kuma hana ta taimaka masa. Ta ce ya san "a" biyu ake sawa a tsakiyar waawi, amma ya ji tsoron in ya danna wuri ɗaya sau biyu wayar za ta lalace. Daga ranar bai sake rubutu a zaure ba, sai murya.