Yadda Za Ka Nemi Aure Irin na Mutanen Kumbo

Kai saurayi, saurara. Ɗana Alfari ya dawo daga lakwal, wato makarantar boko, a Doso da littattafan Turawa na masu zuwa taurari cikin kumbo. Na sa ya karanta mini, na ji yadda suke neman aure. Shi ya gwada a kan Zuwera, ɗiyar maƙwabcina. Bi matakan nan, na lamunce maka sakamako irin nasa.

1. Kada ka tambayi asali.
A littattafan, mutum yana auren koriyar mace mai ido uku. Wani ma ta ƙarfe ya aura. Ba wanda ya tura baffa bincike. To ina za a tura shi? Mota ba ta zuwa can. Ƙarfe kuma ba shi da dangin uwa, wannan kam rahama ce.

2. Je zance hannu rabbana.
Jarumin kumbo ba ya kai goro ko sabulu, tauraro yake nunawa. Alfari ya nuna wa Zuwera ɗaya, ya ce ya ba ta. Ta ce ya sauko da shi ta gani.

3. Kada ka durƙusa wa suruki.
Can kowa shawagi yake, ba ƙasar durƙuso. Shiga zaure da takalmi, miƙa wa tsoho hannu. Alfari ya yi. Har yau uban yarinyar da gefen baki yake amsa sallamata.

4. Yi bankwana mai tsawo.
Ce mata za ka tafi shekara ɗari, ka dawo kana yaro ita ta tsufa, ta jira ka. Amma rage murya. Alfari a bakin gada ya faɗi nasa, har da yadda zai kifar da sarkin taurari, soja na tsaye. Ya wuni wurin jandarma yana rantsuwa kumbon na takarda ne. Masu mulkin yanzu ba su son kalmar kifarwa, ko a sama.

5. Raina abokin takara.
Na Alfari sunansa Baƙo, direban kamyo ne, babbar motar kaya, iyakarsa Kwatano. Sai dai yana dawowa, da atamfa kuma. Na tambayi yarinyar zaɓinta, ta ce: "Baba, gara mai dawowa ran kasuwa."

Gargaɗi: ni ban yi lakwal ba, ban hau kumbo ba. Abin da ya same ka, kai da littafinka. An ɗaura auren Zuwera da Baƙo ran Juma'a, na je na karɓi gorona. Alfari yana ɗaki yana jiran ta ƙarfe. In ta zo, ba ni biyan sadaki sai maƙeri ya duba ta.