Koken Malamin Tarihi da Aka Ɓata wa Hutu

Zuwa ga mai girma Shugaban Kwamitin Horar da Malaman Jami'a kan Tarihin Yahudawa da Kisan Ƙare-dangi, Paris.

Bayan gaisuwa mai yawa, ranka ya daɗe, ni ne malamin nan na Damagaram da ya miƙe ran farko ya ce shi ba koyo ya kawo shi ba, taimaka muku ya zo yi. Ina da koke.

Na ɗaya. Takardarku ta ce horon lokacin zafi ne. Wane zafi? Sai da Alhaji Maazou, mai shagon waya a unguwar Goutte d'Or ta Paris, ya ara mini kwat ɗinsa da ba ta rufe mini ciki. A haka kuka ɗauke mu hoto.

Na biyu. Kun zaunar da ni kusa da Madam Nathalie ba ku gaya mini ƴar Ruwanda ce ba. Lokacin shan kofi na yi mata bayanin abin da ya faru a ƙasar tiryan-tiryan, har da zana taswira. Ta saurara har na gama, ta gyara mini sunan gari guda, ta ce can aka kashe mahaifiyarta. Wa ya hana ku taka mini ƙafa?

Na uku. Da kuka ce za a je Lyon, na aika wa ƙanwata Rékia da ke unguwar Minguettes a gefen birnin ta dafa dambu. Sai ga mu a wani gida can ƙauye, inda aka kwashe yaran Yahudawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ni a aji adadin Yahudawan da aka kashe, "miliyan shida", nake rubutawa a allo, in goge, mu wuce. Ba ku ce akwai zanen da yaran suka yi da hannunsu ba. Na ce wa abokan tafiya mura nake yi. Dambun ya huce, Rékia ba ta huce ba.

Ga babbar damuwar. Oktoba zan koma aji, kuma na san ɗalibaina: wani zai tambaya ina maƙwabtan yaran nan suke sa'ad da ake kwashe su. Na tambayi wani malaminku, ya ce wannan tambayar yake bincike tun yana da baƙin gashi. Ni kuwa ban taɓa cewa "ban sani ba" gaban ɗalibi ba. Ku taimaka ku aiko da amsar. In babu, ku aiko da wanda zai koya mini faɗin hakan a tsaye.

Naka mai biyayya, gwiwa biyu a ƙasa,
Dokta Abdourahamane Issoufou,
Damagaram.