Amfilifayar da Na Yaba a Maigatari

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a Maigatari ba, ranar da kunnena ya ci amanata a gaban yayan matata.

A Gumel ana ce mini mai kunne (gaskiya ni na fara faɗa, mutane suka ɗauka). Shi ya sa da Alhaji Nasiru, yayan matata, ya tashi buɗe situdiyon ɗaukar waƙoƙin biki, ya ce in raka shi mu zaɓi amfilifayar hedifon, ƙaramar na'urar nan da ke ƙara wa sauti ƙarfi da tsabta. A mota har ya ce in komai ya tafi daidai, ni zan riƙe masa situdiyon. Na gyara zaman hulata.

Mai kayan, Malam Isufu, Badamagare ne. Ya fito da guda biyu masu ɗan karen tsada, baƙa da fara, ya miƙo mini hedifon irin mai huji-huji a baya, wanda ba ya toshe ƙarar waje. Ya jona baƙar, ya sa kiɗan kalangu. Na saurara, na taɓe baki.

"Ba laifi," na ce, "amma sautin a matse yake."

Ya ce bari ya sauya. Ni kuwa na rufe ido, kamar yadda na ga masana suna yi a intanet.

Jama'a, sai ga kalangu! Daga can nesa ya taso, yana matsowa a hankali, har da guɗar mata. Tsigar jikina ta tashi.

"Alhaji, wannan ita ce!" na faɗa da ƙarfi (mai hedifon a kunne bai san yana ihu ba). "Ka ji faɗi? Ka ji zurfi? Wallahi kamar makaɗan a bakin titi suke! Waccan baƙar ko rediyon kakata ya fi ta. A naɗe mana wannan!"

Na daɗe ina zuba kafin na ji an taɓa kafaɗata. Na buɗe ido. Malam Isufu ne a tsaye, filogin farar a hannunsa, bakinsa a buɗe.

"Malam," ya ce a hankali, "ai ban sa mata kuran ba tukuna."

Wato ko wuta ba ta shiga ba. Na zare hedifon, kiɗa bai tsaya ba. Na waiwaya: 'yan biki ne ke wucewa ta ƙofar shagon, makaɗa uku a gaba, gumi na zuba.

Innalillahi! Alhaji bai yi dariya ba, da ma ya yi. Kallona kawai ya yi ta saman tabarau, ya ce, "To mai kunne, makaɗan za mu saya?"

"Waɗancan ba nawa ba ne, Alhaji," in ji Malam Isufu.

Alhaji ya saurari biyun da kansa, ya ɗauki baƙar. Har muka koma Gumel muka sauke kaya, bai ƙara tada maganar aiki ba, ni ma ban tuna masa ba. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Matata ta tare ni a zaure tana guɗa.

Yanzu in aka ce in saurari abu in faɗi ra'ayina, idona biyu a buɗe, kuma sai na ga ƙaramar fitilar na'urar ta kama kafin in ce uffan.